Tafiyata Kwatano Ɗauko Ƙwaro

Tun da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na huta ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a wurin mai shayi a tambaye ni, har waɗanda ba mu saba gaisawa ba sai su tsaya su ce, "Malam Ɗanlami, wai da gaske ƙwaro aka aike ka ka ɗauko a wata ƙasa?" Wasu ma sun riga sun ƙara wa labarin gishiri, har na ji an ce a jirgin sama na tafi. Saboda haka na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, bi da bi, yadda ya faru. Wanda ya karanta kada ya sake tare ni a hanya.

Zan fara da dalilin tafiyar. Ni ne shugaban leburori a wani lambun renon shuke-shuke da ke bayan Garki. Aikinmu renon itatuwa da furannin da za a dasa a bakin tituna da harabar sababbin ofisoshi, domin a lokacin gwamnati na shirin tasowa daga Ikko gaba ɗayanta. Mutum goma sha biyu ne a ƙarƙashina. Da damina ta zo ƙarshe sai darɓa ta faɗa mana, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye har ya murɗe ya yi danƙo. Aka yi feshi sau biyu. Ta yi kamar ta tafi, ta dawo fiye da da.

Ogan sashenmu daga Ikko aka turo shi, iyalinsa na can, shi yana nan a ɗakin otal, kuma bai iya zama minti biyar a kujera ba tare da ya miƙe ba. Hausarsa ta barikin soja ce, ya koya yana yaro. Ya kira ni ya ce, "Malam Ɗanlami, sati shida manya za su zo dubawa. Fulawa nan ya mutu, za a ba ɗan kwangila wurin. Kai da mutanenka sai gida. Ka gane?"

Na ce na gane.

Ya ce wani abokinsa ya gaya masa akwai wata mata a Kwatano mai lambun furanni, ta kawo wani ƙwaro daga ƙasar waje mai cinye darɓa ƙarƙaf. Ni zan je in karɓo, tunda an riga an yi magana da ita ta waya.

A cikin leburorina akwai Baba Shekwolo, dattijon Gbagyi, wanda aka haife shi bai fi tafiyar rabin awa daga lambun ba. Da ya ji labari sai ya ce, "Malam, namu ma yana ci ai. Jan nan mai ɗigon baƙi. Feshi ne ya kashe su. A bar feshi, za su dawo."

Na ce, "Yaushe, Baba?"

Ya ce, "Ƙwaro ba ya da kalanda, Malam."

Mu kuwa muna da ita. Amma tun ina aikin sito na koyi ƙa'ida guda wadda ban taɓa karyawa ba: ba a zuwa karɓo kaya sai da samfur. Ko kan famfo za ka sayo, ka tafi da tsohon ka gwada. Don haka na sa Baba ya ɗebo mini namu daga gonarsa ta wake. Ya kawo manya takwas, da 'ya'yansu biyar masu kama da ƙananan ƙadangaru, da wani ganye mai ƙwayayensu rawaya a jere a ƙarƙashinsa. Na zuba su a kwalba mai faɗin baki tare da ganye mai darɓa, na huda murfin da ƙusa. Mai ɗigo muke ce masa a wurin aiki, don ban san masa wani suna ba.

Ranar Litinin da sassafe na shiga babbar motar ofis da za ta tafi Ikko ba kaya, don ɗebo kabad-kabad na fayil. Direban Iliya ne, mutumin Kafanchan, ba ya gajiya da magana. Tun daga Gwagwalada muka fara cin karo da motocin masu ƙaura: kujeru a kife, katifu a ɗaure, tukwane na lilo a jikin bodi. Na ga wani mutum a saman kaya ya rungume keken rubutu kamar jariri. Iliya ya ce, "Malam, ka lura? Duk duniya ta nufi Abuja, ni da kai da fasinjojinka na cikin kwalba ne kawai muka juya mata baya."

A Lokoja muka tsaya cin soyayyen kifi da doya. Wani akawu da matarsa suka sauko daga motar da ke gefenmu, da suka ji daga Abuja muke sai suka rufe mu da tambaya, Iliya na fassara. Akwai ruwan famfo? Akwai makaranta? Gaskiya ne kuraye na shiga gari? Na ce a gaya musu ruwa akwai a wasu unguwanni, makaranta ana ginawa, kura kuwa shekarata tara ban ga ko sawunta ba. Matar ba ta yi dariya ba. Ta koma mota ta zauna tana kallon kogi.

Bayan Okene taya ta fashe. Awa uku muka yi a rana, don jak ɗin ya ƙi ɗagawa sai da aka tona ƙarƙashinsa. Kwalbar ta fara zafi. Na jiƙa hankicina da ruwan butata na naɗe ta, na sa ta a inuwar motar, ni na yi taimama. Iliya yana kwance a ƙarƙashin mota yana cewa, "Fasinjojin naka sun ci abinci? A tambaye su ko suna son lemo." Muka kwana a unguwar Hausawa ta Ibadan, muka isa Ikko ranar Talata da hantsi.

Ofishinmu na Ikko ya zama kamar gidan da aka yi rasuwa aka gama zaman makoki. Fayil a ɗaure da igiya har bakin taga, mutane na zaune a kan kwalaye. Takardar da zan nuna a bakin iyaka sai an buga mata hatimi, shi kuwa hatimin an riga an sa shi a akwati an tura Abuja. Wataƙila ma mun wuce shi a hanya. Na zauna a benci yini guda ina ƙirga kwanakin da suka rage, har wani mataimaki ya tuna akwai tsohon hatimi a aljihun teburinsa. Kafin in tafi na zagaya bayan ginin na tsinko ganye mai darɓa na ƙara wa kwalba. Maigadi ya bi ni da kallo har na fita.

Ranar Laraba na bi ƙaramar mota ta Badagiri zuwa bakin iyaka. A ƙafa ake tsallakawa, cikin mata masu ɗauke da manyan robobi, da masu canjin kuɗi suna jan hannun rigarka. Ma'aikacin ɓangaren can ya karanta takardata, ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken rana, ya yi wata magana da Faransanci, abokan aikinsa suka fashe da dariya. Wata Bahaushiya mai sayar da goro ta ce mini, "Wai cewa ya yi, su ma suna da fasfo?" Na ce ta gaya masa suna tare da ni. Ya miƙo mini kwalbar.

Abu na farko da na lura da shi a Kwatano babura ne. Mutum ya tsayar da babur ya hau baya a kai shi unguwa kamar tasi, kuma mata na tuƙa nasu da kansu, da kwando a gaba da goyo a baya. Na biyu, fetur a kwalabe ake sayar da shi a kan tebur a bakin titi, kamar man gyaɗa. Na uku burodinsu, dogo kamar sanda, bayansa da tauri, sai ka jiƙa shi a shayi. Na sauka a Zango, gidan Alhaji Mamuda, wanda wani ɗan garinmu ya haɗa ni da shi. Kakansa Bakatsine ne, shi kuwa bai taɓa ganin Katsina ba, kuma Hausarsa rabi Faransanci ce. Aka kawo mini wani abu a ganye mai kama da agidi, da miyar tumatir mai yaji har sai da na yi hawaye. Alhaji ya ce, "Ci, Malam, wannan ta yara ce."

Abin da ban so ba shi ne al'adarsu ta rana. Da an yi sha biyu da rabi sai a rufe ofis, a rufe kanti, kowa ya tafi gida ya kwanta, sai ƙarfe uku. A wurinmu ma'aikacin da ya yi haka takardar tuhuma zai samu. Na faɗa wa Alhaji, ya ce, "Ku da ba ku kwanciya, kun fi mu gama aiki?"

Ranar Alhamis ya sa aka kai ni lambun matar, a bayan gari. Doguwa ce, da faffaɗar malafa, Madam kowa ke ce mata. Dole in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin furanni masu tsabta irin nata ba. Na juya ganye ya fi hamsin ban ga darɓa ko ɗaya ba. Mai kula da lambun wani magidanci ne mai suna Salifu, mutumin Jugu ta arewacin ƙasar, yana jin Hausa sosai, shi ya yi mana tafinta. Ya nuna mini ƙwaron. Ya fi namu girma, kuma ba kala ɗaya ba ne: wani ruwan lemo, wani ja, wani baƙi da jan ɗigo.

Da Madam ta shiga ciki sai Salifu ya ga kwalbata. Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, ina ka samo waɗannan? Da muna da su a nan. Da su, da wani ƙarami baƙi, da wani mai zane-zane. Tun da aka kawo baƙin nan daga ƙasar waje shekara biyu ke nan ban sake ganin ko ɗaya ba. Har gonar maƙwabta."

Na ce, "Wataƙila feshi ne."

Ya ce, "Ba ma feshi a nan." Ya waiga wajen ƙofa, ya rage murya. "Kuma in darɓa ta ƙare ba sa zama da yunwa. In ka murje shi wari, in ya hau wuyanka cizo. Ni dai aiki nake yi, ban ce kada ka ɗauka ba."

Ni ba na aiki da an ce. Na zo da samfur, gwadawa zan yi. Niyyata in ga wanne ya fi saurin cin darɓa, nasu ko namu, kuma kwalba ɗaya gare ni. Na sa Salifu ya kamo manya biyu da 'ya'ya uku na baƙin, na zuba su a kan nawa, na ƙara sabon ganye mai darɓa da muka tsinko a hanya. Sai ga sha biyu da rabi ta yi. Madam ta aiko a ce in dawo ƙarfe uku. Na ajiye kwalbar a inuwar rumfa, na tafi na nemi masallaci, na ci abinci, na zauna a kan dakali ina duba agogo.

Ƙarfe uku daidai na ɗaga kwalbar. Ƙwayayen da ke ƙarƙashin ganyen Baba babu ko ɗaya, sai tabon wurin. 'Ya'yan namu biyar, saura biyu. Ɗaya daga cikin biyun yana bakin ɗan baƙon, yana motsa ƙafa, ana tsotse shi a gabana. Manyan namu sun taru a jikin murfi. Darɓa kuwa ga ta nan a kan ganye, ba a ci ko rabinta ba.

Salifu ya leƙo ta kafaɗata ya gani.

Na tsaya ina tunani. An aiko ni in kawo, ba a aiko ni in yi shawara ba, kuma shekarata goma sha tara ina aiki ban taɓa komawa na ce ban yi abin da aka sa ni ba. Ga mutum goma sha biyu suna jira. Na karɓi akwatin ƙwarin da Madam ta sa aka shirya mini. Na katako ne, da raga a gefe biyu, cike da ganye, ƙwarin na yawo a ciki. Na sa aka ƙara masa raga ta biyu, na ɗaure da igiya ta kowane ɓangare. Baƙin da ke cikin kwalba na bar su tare da sauran nawa, don ina so a gani.

Dawowar ba ta da daɗin faɗa. A bakin iyaka takardar ofis ta wuce da ni. Daga nan akwatin bai bar cinyata ba. Ba na barci, ba na hira, ina ta shafa raga ina neman huda. Iliya ya riga ya koma da lodinsa, don haka motar haya na shiga daga Ikko. Mun wuce Akure sai na ga ɗaya, ruwan lemo, yana tafiya a hannun rigata. Na murje shi, ya bar mini rawayan ruwa mai wari a yatsa. Na ce direba ya tsaya.

Ya ce, "Fitsari, Baba?"

Na ce, "A rufe tagogi, kowa ya kakkaɓe rigarsa."

Ba irin zagin da ban sha ba, da Yarabanci da Turanci da Hausa. Wata mata ta ce an haɗa su mota da mai tabin hankali. Na duba ƙarƙashin kujeru ɗaya bayan ɗaya, na duba ragar sau uku. Ba huda. Ina jin tun daga lambun Madam ya maƙale a lanƙwasar hannun riga. Ko shi kaɗai ne, ko akwai wani da ya sauka a Ikko, har yau ban sani ba.

Na isa Abuja ranar Lahadi, Litinin da safe na ajiye akwati da kwalba a teburin Oga. Na ba shi labari daga farko zuwa ƙarshe. A cikin kwalbar 'ya'yan namu ba saura ko ɗaya. Ya saurara yana zagaya tebur, ya ce, "Malam Ɗanlami, ni fulawa nake so, ba tarihin ƙwaro ba. Yana cin darɓa ko ba ya ci?"

"Yana ci, ranka ya daɗe."

"To je ka buɗe."

Na ce, "Zan buɗe. Amma a rubuta mini umarni, a sa hannu, a sa kwanan wata."

Ya tsaya. "Ba ka yarda da ni?"

"Na yarda, ranka ya daɗe. Sai dai abin da ya fita daga akwatin nan ba ya komawa. Bayan shingenmu gonakin mutane ne, bayan gonakin daji. Ranar da aka zo tambayar wanda ya sake shi, ina so in buɗe fayil in nuna."

Ya zauna. Ya jawo takarda, ya cire murfin alƙalami, ya rubuta kwanan wata. Ya dubi kwalbar. Ya miƙe ya je bakin taga, ya dawo, ya mayar da murfin alƙalamin. Ya ce, "Ɗauke kayanka. Ka yi abin da ka ga dama. Ni ban ce komai ba."

A nan ma dole in faɗi gaskiya. Na san ba zai sa hannu ba. Na daɗe a aikin gwamnati, na san abin da ake faɗa da baki da abin da ake yarda a rubuta. Ba shi ya yanke shawarar ba, ni ne, na dai bi ta hanyar da na iya.

Na kai akwatin bayan lambu, na sa shi cikin tsohon duro yadda yake a ɗaure, na zuba kananzir na kunna. Baƙin da ke cikin kwalba ma na jefa su. Leburorin suna tsaye suna kallo.

Sati huɗu da suka rage muka yi su da hannu. Na hana feshi. Na raba mutanen gida biyu: takwas suna wanke ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu, huɗu, har da Baba, suna bin gonakin wake suna ɗebo mai ɗigo namu suna zubawa a lambu. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, har Asabar. Itatuwa suka farfaɗo. Furanni kuwa, musamman waɗanda aka kawo daga kudu, kusan rabi suka bushe.

Manya suka zo, suka zagaya cikin minti ashirin, suka tafi. Bayan kwana tara takarda ta fito. An bar mana ɓangaren itatuwa, an ba ɗan kwangila ɓangaren furanni, kuma a sallami mutum biyar. Ni aka ba takardar in karanta.

Na tara su a gindin maɗaci da safe kafin a fara ban ruwa. Na bi ƙa'ida, wanda aka ɗauka a ƙarshe shi ne farkon fita. Na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu shi ne Yohanna, mutumin Akwanga, wanda bai fi wata biyu da ɗauko matarsa da 'ya'yansa uku ya kama musu ɗaki a Nyanya ba. Ya fi kowa saurin wanke ganye. Da na gama sai ya ajiye bokitinsa, ya matso, ya cire hula.

Ya ce, "Malam, tambaya ɗaya. Da ka buɗe akwatin nan, da muna nan?"

Ina iya cewa Allah ne ya sani, kuma da ba ƙarya na yi ba. Amma na ga lambun Madam da idona.

Na ce, "Da kuna nan."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To." Ya koma ya ɗauki bokitin, ya ƙarasa ban ruwan layin da ya fara, ya ɗauraye shi, ya kife shi a inda muke kifewa, sannan ya tafi.

Iyakar abin da ya faru ke nan, ban rage ba, ban ƙara ba.